Yadda Iyali Za Su Ci Gaba da Tunawa da Mahaifiya ko Kaka Bayan Rasuwarta

Idan aka tashi daga zaman makoki, aka naɗe tabarmi, aka mayar da kujerun haya, baƙin da suka zo daga nesa suka kama hanya, a lokacin ne 'ya'ya da jikoki suke fara gane girman abin da ya same su. A kwanakin farko jama'a ce take ɗauke wa mutum hankali, wannan ya shigo ya ce "ya haƙuri", wancan ya ɗaga hannu a yi addu'a, mata suna ta ɗora tukunya suna saukewa. Bayan an watse kuwa, kowa yana so ya yi wani abu saboda ita, amma ba kowa ne ya san ta inda zai fara ba. Wani ya buga hotonta a kalanda, wani ya yanka sa, wani ya rufe ɗakinta ya hana a taɓa komai, wani kuma ya shiga harkokinsa har shekara ta zagayo bai ankara ba.

Ma'aunin da nake ganin ya kamata iyali su riƙe shi ne su tambayi kansu a kan kowane abu da suke shirin yi: shin wannan zai isa gare ta, kuma zai ɗore? Manzon Allah (SAW) ya faɗa a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai guda uku, wato sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari da yake yi masa addu'a. Duk abin da zan kawo a ƙasa yana komawa ne ga waɗannan, amma akwai aikin da yake gabansu, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi.

A fara sauke mata nauyi

Kafin a yi zancen rijiya ko masallaci, a binciki abin da ake bin ta. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Al'adarmu ce a tsaya bayan jana'iza a yi cigiya cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga wane, sai dai wannan cigiya a ƙofar gida ake yin ta, a cikin maza, alhali mu'amalar mace kusan dukkanta a cikin gidaje take. Wadda take bin ta kuɗin ƙuli ko na man gyaɗa ba ta wurin, dillaliyar da ta kawo mata atamfa a kan za a biya kaɗan-kaɗan ba ta wurin, uwar adashen da ta san ta ɗauki kwasarta saura zubi huɗu ita ma ba ta wurin. Yawancinsu kuma kunya ba za ta bar su su zo gidan mutuwa da maganar kuɗi ba. Saboda haka a wakilta mace guda mai hankali, 'yarta ko ƙanwarta ko aminiyarta, ta bi maƙwabta da abokan hulɗarta gida-gida, ta tambaya a keɓe, ta rubuta abin da aka gaya mata. Wanda ya ce ya yafe, a yi masa godiya a karɓa. Wanda ya yi shiru yana murmushi, a sake tambayarsa, domin sau da yawa akwai wani abu.

Sai kuma ajiya. Tsohuwa mai amana takan zama bankin unguwa ba tare da 'ya'yanta maza sun sani ba. Ranar da za a buɗe akwatinta, kada mutum ɗaya ya buɗe shi kaɗai. A samu aƙalla biyu daga cikin magada da wani dattijo ko dattijuwa a matsayin shaida. A nan za a ga zannuwan da ba ta taɓa ɗinkawa ba suna ƙamshin turaren wuta, da carbi, da 'yan kunnen zinariya a cikin ƙaramin gwangwani, da ƙulle-ƙullen kuɗi a leda ko a tsumma, wani an ɗaure shi da jan zare, wani da baƙi. Ita ta san ma'anar kowane zare, ku ba ku sani ba. Kada a haɗa su wuri ɗaya a ƙirga a ce dukiyarta ce. A ajiye kowane ƙulli yadda aka same shi, a sanar a cikin mata cewa duk mai ajiya ta zo ta faɗi kamanninta, a ba da lokaci. Haka nan a bincika ta ɗaya ɓangaren, domin wataƙila tana da awaki ko tumaki da ta bayar kiwo a ƙauye, ko buhunan hatsi a wurin wani, ko kuɗi a asusun banki. Idan akwai asusu, za a buƙaci takardar shaidar mutuwa, wadda a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take rajistarta, tare da takardar kotu da bankin zai nema, don haka gara a fara neman su da wuri.

Akwai kuma bashin da yake tsakaninta da Ubangijinta. Idan an san tana da zakkar da ba ta fitar ba, ko kaffara, ko bakance, ko azumin da ta sha saboda jinya, a kai maganar wurin malami a faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi ba a yi wa mamaci azumi, ciyarwa ake yi, yayin da wasu malaman suka halatta waliyyi ya rama masa bisa hadisin Nana A'isha. Game da Hajji, Bukhari ya ruwaito labarin matar nan 'yar ƙabilar Juhaina da mahaifiyarta ta yi bakancen Hajji ta rasu ba ta yi ba, Annabi (SAW) ya ce ta yi mata, ya kuma kwatanta abin da biyan bashi. Wanda zai yi wa wani Hajji dai ya kamata a ce ya riga ya sauke nasa faralin.

Bayan kuɗin jana'iza da bashi, sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yin ta ga magaji, sannan rabon gado. Ina roƙon iyali kada su ɗauki jinkirta rabo a matsayin girmamawa. Mutane sukan ce "ai ko kwana arba'in ba ta yi ba, kunya ce a yi maganar gado", sai shekara biyar ta wuce, wani ya ɗauki sarƙa, wata ta kwashe kwanukan jere, wani ya shiga gidan ya zauna, daga nan 'yan ɗaki ɗaya su daina gaisawa. Babu abin da zai fi ɓata wa uwa rai, da tana gani, kamar 'ya'yanta a gaban alƙali saboda kayanta. Ƙa'idar a bayyane take a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12: idan ta bar miji da 'ya'ya, mijin yana da rubu'i, mahaifinta da mahaifiyarta idan suna raye kowanne yana da sudusi, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji yana da rabon mata biyu. A kira malamin da ya san ilimin gado ko a je kotun shari'a, a yi wa komai kuɗi har tabarma da buta, a rubuta, kowa ya sa hannu. Wanda yake son wani abu nata don tunawa, kamar carbinta ko mayafin sallarta, ya nema a fili a lissafa masa a cikin rabonsa ko sauran su yafe masa.

Jikoki suna buƙatar kulawa ta musamman a wannan gaɓa. Jikan da mahaifinsa ya riga kakar rasuwa ba ya gado matuƙar tana da ɗa namiji a raye, 'ya'yan 'yarta ma ba sa gado, alhali sau da yawa su ne suka tashi a ɗakinta, su ne suka yi ta kai mata ruwan alwala har ƙarshe. Aya ta 8 ta wannan sura ta yi umarni cewa idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Magada baligai su haɗa wani abu daga rabonsu bisa yardarsu su ba su. Ba a taɓa rabon yaro ƙarami don wannan, kuma ba a taɓa shi don sadaka.

Addu'a da sadaka

Addu'a ita ce abin da talaka da mai kuɗi suka yi daidai a kansa, kuma ita ce ta fi saurin kuɓucewa idan ba a ɗaure ta da wani lokaci ba. A makonnin farko bakin mutum ba ya rabuwa da "Allah Ya jiƙan Inna", bayan shekara biyu kuwa sai an ambace ta yake tunawa. Maganin wannan shi ne mutum ya zaɓi wuri tabbatacce a cikin ibadarsa ta kullum, kamar sujadar ƙarshe ko bayan sallame kowace farilla, ya mayar da shi nata. Ba sai doguwar addu'a ba. Alƙur'ani ya koyar da mu a Suratul Isra'i, aya ta 24, mu ce "Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira", ya kuma kawo addu'ar Annabi Ibrahim a aya ta 41 ta surar da take ɗauke da sunansa, inda ya nema wa kansa da iyayensa da muminai gafara. Wanda bai iya Larabci ba ya roƙa da Hausa, ya ambaci sunanta, ya nema mata gafara da yalwar kabari da haskensa. An ruwaito daga Abu Huraira cewa ana ɗaukaka darajar mutum a Aljanna har ya tambaya daga ina wannan ya zo masa, a ce masa daga istigfarin ɗanka ne. A koya wa yara wannan tun suna ƙanana, su riƙa ji ana ambaton kakarsu bayan salla, domin jikan da ya saba yi mata addu'a yana ɗan shekara shida zai iya ci gaba da yi bayan ku kanku kun tafi.

Game da sadaka, malamai sun haɗu a kan cewa ladanta yana isa ga mamaci. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wani mutum ya ce mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, yana zaton da ta samu damar magana da ta yi sadaka, ya tambaya ko tana da lada idan ya yi mata, aka ce masa tana da shi. Sa'adu ɗan Ubada kuma da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Daga nan ne al'adar haƙa wa iyaye rijiya ta samo asali, kuma al'ada ce mai kyau ƙwarai a ƙasar da mata da yara suke tafiya mai nisa da jarka.

Sai dai duk wanda yake yawo a unguwanni da ƙauyuka ya ga rijiyoyin burtsatse da aka rubuta sunan marigayi a jikin tankinsu, famfon ya bushe, ciyawa ta rufe wurin. An yi aikin da kyakkyawar niyya, aka ɗauki hoto ranar buɗewa, amma ba a tanadi wanda zai gyara ba idan injin ya ƙone ko aka sace farantin sola. Sadakar da ta daina gudana ba ta cika sunanta ba. Idan iyali sun yanke shawarar yin rijiya, su fara tambayar mutanen wurin ko ruwa ne babbar matsalarsu, su nemi masani ya auna ƙasa kafin a haƙa, su tabbatar filin ba shi da rigima kuma an rubuta cewa waƙafi ne a gaban mai unguwa da limami, sannan su ware kuɗin gyara tun daga farko su damƙa kulawa a hannun mutane biyu ko uku da aka sani da suna. A inda babu mai kula da inji, famfon tuƙa-tuƙa ko rijiya mai murfi da guga ta fi babban tanki amfani. Gyara rijiyar da ta mutu a maƙwabta ma sadaka ce cikakkiya, kuma kuɗinta bai kai na sabuwa ba. A jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano akwai hukumomin zakka da waƙafi da za a iya neman shawararsu a kan yadda ake rubuta irin wannan.

Wanda ba shi da ƙarfin rijiya kada ya ga kamar an bar shi a baya. Ya duba abin da ita take yi da hannunta ya ci gaba da shi. Idan akwai almajirin da yake da kwano a gidanta kowane dare, kada kwanon ya yanke. Idan ita ce take aika kunu da ƙosai masallaci a watan azumi, a ci gaba da aikawa. Idan akwai wata bazawara ko gajiyayye da take ba kwanon hatsi duk Juma'a, a nemo su, domin su ma sun yi rashi kuma ba wanda ya je musu gaisuwa. A dasa darbejiya ko mangwaro a makarantar allo ko a bakin hanya a riƙa ba shi ruwa har ya kama, a sayi Alƙur'anai da butoci a kai Islamiyyar matan aure da take zuwa, a biya wa maraya kuɗin makaranta zango bayan zango. Abin da aka ɗauka ya zama daidai ƙarfi, a kuma raba shi tsakanin 'yan'uwa a rubuce, kowa ya san watansa, don kada nauyin ya taru a kan mutum ɗaya ya gaji ya ajiye.

A kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mutanenmu sun rabu. Gidajen da suke bin ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya da dama suna taruwa a waɗannan ranaku a sauke Alƙur'ani a raba gumba da waina, yayin da malaman Izala da wasunsu suke ganin keɓe ranakun bidi'a ne da ba shi da asali. Ba zan yanke hukunci a kan wannan ba, kowane gida ya bi malaman da ya amince da iliminsu. Abubuwa biyu ne kawai nake ganin bai kamata a yi jayayya a kansu ba. Na farko, kada a ci bashi ko a taɓa dukiyar marayu don ciyar da mutanen da suka ƙoshi. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo, Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar abinci, ba iyalan aka ɗora wa girki ba. Na biyu, kada saɓanin ya raba 'ya'yanta. Idan yaya yana son taro ƙane ba ya so, mai yi ya yi da kuɗinsa, wanda ba ya yi ya fitar da tasa sadakar ta hanyar da ya natsu da ita, a gaisa lafiya a rabu lafiya.

Ziyarar kabari tana da asali mai ƙarfi, domin Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. A je cikin natsuwa, a yi sallama ga mazauna maƙabartar, a roƙa musu gafara, ba a roƙon su komai, ba a taka kabari ko a zauna a kansa. An hana gini a kan kabari, amma sanya alama don a gane shi ya halatta, kamar yadda aka sa dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'un. A maƙabartunmu allon ƙarfe yakan yi tsatsa rubutun ya goge, don haka a kai samarin gida su san wurin da idonsu. A leƙa musamman da damina, lokacin da ruwa yake zaftare kaburbura, a ƙara ƙasa inda ta rufta. A kuma tuna da masu haƙa da masu gadi, waɗanda yawancinsu don Allah suke yi: itace, tukwane, diga, shebur, baro, fitila da gyaran katanga duk buƙatu ne na kullum. Game da zuwan mata maƙabarta malamai sun yi saɓani, kuma 'yar da ba ta je ba addu'arta daga ɗaki tana isa.

Mutanenta da labarinta

Uwa ita ce igiyar da take ɗaure dangi, kuma da zarar ta tafi za a ga 'yan'uwan da suke haɗuwa a ɗakinta duk Juma'a ko duk Sallah sun fara yin wata da watanni ba su ga juna ba, ba don faɗa ba, sai don babu wurin haɗuwar. Kada a jira abin ya gyara kansa. Tun kafin a watse daga makoki a tsayar da gida ɗaya da rana ɗaya da za a riƙa taruwa, a kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin kira. Idan mahaifinku yana raye, shi ne farkon wanda za a duba, domin dattijon da ya rasa matar da suka yi shekara arba'in ko hamsin tare ba ya faɗin abin da yake damunsa, sai dai a ga ya rage cin abinci ya rage magana. A tsara wanda zai riƙa kai masa tuwo irin wanda ya saba, da wanda zai zauna hira da shi bayan isha. Abokiyar zamanta, idan akwai, a ci gaba da gaishe ta da darajar uwa, ko da a da akwai 'yar tsama a tsakani.

Sai ƙawayenta. Annabi (SAW) ya kasance idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija nama shekaru bayan rasuwarta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ku rubuta sunayen aminan mahaifiyarku da unguwanninsu, ku sa su a cikin rabon naman layya da kayan azumi, ku kai da ƙafarku, domin zumunta a ƙafa take. Ku durƙusa ku gaishe su da sunan da kuke kiran su tun kuna yara, Gwaggo ko Iya ko Hajiya, ku zauna ku saurara. A wurinsu ne za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba game da ita, musamman ɗan fari wanda alkunya ta hana ta ko kiran sunansa, balle ta gaya masa irin faɗi-tashin da ta yi a kansa.

Wannan sauraro shi ne mafarin rubuta tarihinta, kuma aiki ne da ba ya jira, domin tsararrakinta su ma suna kan hanya. A ɗauki waya a naɗi muryar ƙannenta da yayyenta da izininsu, a tambaye su sunan iyayenta da kakanninta, garin da aka haife ta, wanda ya riƙe ta, malamin da ya koya mata karatu, sana'ar da ta yi, shekarar da ta je Makka da yadda ta tara kuɗin. Tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, sai ku taimaka musu da shi. Idan aka ce an yi mata aure shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, 1956 ke nan. Idan ta yi haihuwar fari shekarar samun 'yancin kai, 1960 ce a Najeriya da Nijar. Kisan Sardauna 1966 ne. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, lokacin da ake fama da babban fari. Hawan Seyni Kountché mulki a Nijar 1974. Kisan Murtala 1976. Da irin waɗannan za ku iya jera rayuwarta a 'yan shafuka, ku buga kwafi ku ba kowane ɗaki. A rubuta gaskiya cikin ladabi, a ambaci alherinta, a bar abin da ta rufa wa kanta asiri a rufe.

Akwai ilimin da yake hannunta wanda ba a littafi yake ba. Yadda take kaɗa miyar kuka, lokacin da take jefa daddawa, yadda take jiƙa gero don kunun tsamiya, yadda take murza alkaki ko haɗa turaren wuta, duk sai an tambayi wadda ta tsaya kusa da murhunta. A sa ta girka a gaban 'yan mata, a auna abin da take ɗiba da hannu a rubuta. Haka tatsuniyoyinta da waƙoƙin daka da na reno da addu'o'in da take tofa wa yara kafin barci. Saƙonnin muryarta da suke WhatsApp a sauke su a ajiye a wuri fiye da ɗaya tun kafin waya ta lalace, domin layin da aka daina amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani, asusun ma yakan rufe. Kafin a sa hotonta a Facebook ko wani dandali a yi shawara da sauran 'ya'yanta, a kuma tuna yadda take da sutura tana raye. Hoton jinya a gadon asibiti, ko na gawa, bai kamata ya fita ba ko kaɗan.

Ga yara ƙanana, a gaya musu gaskiya da kalmomin da za su gane. Kada a ce Kaka ta yi tafiya, domin yaro zai yi ta jiran dawowarta, daga baya ya gane an ruɗe shi. Jikan da take tsokana tana kiransa mijinta, ko jikar da take kira kishiyarta, rashin ya taɓa su fiye da yadda manya suke zato, don haka a bar su su yi tambaya, a ba su amsa. Idan Allah Ya kawo haihuwar mace aka yi mata takwara, ana kiranta Ummi ko Mama ko Walida don sakaya sunan, a gaya mata labarin mai sunan idan ta yi wayo, amma kada a riƙa auna ta da ita a kowane kuskure.

Kuka ba laifi ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi, da kuma zaman makoki fiye da kwana uku ga wanda ba matar mamaci ba. Kewa kuwa ba ta da wa'adi, takan taso ranar Sallah ko ranar aurar da 'ya. Amma idan watanni suka wuce wani daga cikinku ba ya barci, ba ya ci, ya kasa fita aiki, ko yana maganar gara ya bi ta, kada a tsaya a "yi haƙuri" kawai. A kai shi asibiti ya ga likita, a kuma daina barinsa shi kaɗai.

Akwai kuma wanda abin da yake cin ransa nadama ce, saboda ya yi nisa bai zo jinya ba, ko sun rabu da ɓacin rai bai samu neman gafara ba. Irin wannan ya tuba ga Allah, ya yawaita nema mata gafara, ya biya abin da ake bin ta idan yana da hali, sannan ya nemi 'yar'uwarta. Bukhari ya ruwaito cewa 'yar'uwar uwa tana matsayin uwa, Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya zo yana neman hanyar tuba daga babban zunubi, aka tambaye shi ko yana da uwa ya ce a'a, aka tambaye shi ko tana da 'yar'uwa a raye ya ce e, aka ce ya je ya kyautata mata. Idan Inna ko Iya tana nan, a je a gaishe ta a wannan makon, a tambayi maganin da take sha da abin da ya ƙare mata a ɗaki, a ɗauki ɗaya daga cikin buƙatunta a mayar da shi nauyin kowane wata.